Sayyid Husaini Nasr kan halitta, na'ura, addini da ɗan Adam: tambayoyin da ake yawan yi mini a Damagaram

Tun ranar da tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ya zube a ruwan watan Satumba na 2024, hirar fadarmu ta canja hanya. Da, ƙwallo da farashin hatsi muke sha da shayi. Yanzu kowa tambaya yake: me ya sami damana, me ya sami ƙasa, me ya same mu? Ni falsafa nake koyarwa a ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, shi ya sa aka riƙa juyo da tambayoyin wajena, ni kuma na riƙa ambaton wani malami ɗan Iran, Sayyid Husaini Nasr, wanda ya fara wannan magana tun ba a haifi yawancinmu ba. Ambaton sunansa sai ya haifi wasu tambayoyin, daga ɗalibai masu shirin bak, jarrabawar kammala sakandare, daga abokan aiki, har daga wani dattijo manomi na wajen Mirya da ke kawo mana gero. Waɗanda suka fi maimaituwa na tattara a nan. Inda ra'ayin Nasr ne na faɗa, inda nawa ne na nuna.

Wane ne wannan Nasr?

An haife shi a Tehran a 1933, a gidan ilimi. Mahaifinsa likita ne kuma malami. Yana ɗan shekara 12 aka tura shi karatu Amurka. Ya gama digirin farko a fannin fizik a jami'ar MIT a 1954, ya wuce Harvard ya karanta ilimin duwatsu da cikin ƙasa, ya kammala digirin digirgir a tarihin kimiyya a 1958. A shekarar ya koma gida yana koyarwa a jami'ar Tehran, kuma duk da takardun da ya zo da su, ya durƙusa gaban malaman zaure, cikinsu har da Allama Tabataba'i, yana ɗaukar karatun hikima irin na da.

Yana da kusanci da gidan sarautar Iran, har ya shugabanci ofishin matar Sarki. Da juyin juya halin 1979 ya zo, ƙasar ta gagare shi zama, ya koma Amurka, ya kama koyarwa a jami'ar George Washington daga 1984. A 1981 ya zama Musulmi na farko da ya gabatar da laccocin Gifford a Edinburgh, dandalin da ake gayyatar manyan masana addini da falsafa.

A taƙaice, me yake cewa?

Cewa yake lalacewar ƙasa da ruwa da iska alama ce ta ciwon da ke cikin zuciyar mutum. Ya faɗi haka a laccoci huɗu a jami'ar Shikago a 1966, aka buga su littafi a 1968, wanda aka fi sani da Man and Nature, wato mutum da halitta. A lokacin maganar muhalli ba ta zama ruwan dare ba, babu taron duniya kan sauyin yanayi, babu ma'aikatar muhalli a yawancin ƙasashe.

A ganinsa, mutanen da sun ɗauki halitta abu mai alfarma da ke nuna Mahalicci. Daga ƙarni na 16 da na 17 a Turai aka tuɓe mata wannan riga, ta zama kaya kawai, abin aunawa da sayarwa. Ya yi wani misali mai zafi: mutumin zamani ya daina riƙon halitta kamar matar aure da ake amfana da ita ana ɗaukar nauyinta, ya mai da ita kamar karuwa, a biya buƙata a tafi. Saboda haka, in ji shi, injiniya da doka kaɗai ba za su warkar da ciwon ba, sai idon da ake kallon halitta da shi ya gyaru.

Me ake nufi da cewa halitta ayoyi ce?

Duk wanda ya yi karatun allo ya san kalmar aya. Abin da Nasr ke jawo hankali a kai shi ne, Alƙur'ani da kalma ɗaya yake kiran jimlolinsa da kuma rana, ruwan sama, raƙumi, saɓanin dare da yini. A Suratu Fussilat, aya ta 53, Allah ya ce zai nuna musu ayoyinsa a sasannin duniya da cikin kawunansu. A Suratul Isra'i, aya ta 44, an ce babu wani abu face yana tasbihi da gode masa, sai dai ba ku fahimtar tasbihinsu. A Suratul An'am, aya ta 38, dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamarku. Daga nan malaman hikima suka yi maganar littafi biyu, rubutacce da ake karantawa a mus'hafi da shimfiɗaɗɗe da ake karantawa a sarari.

Dattijon Mirya da na ambata ya fi ni saurin kama wannan. Da na bayyana masa, ya ce: "Malam, kenan mai saran icen da ba ya buƙata, bakin mai zikiri ya rufe." Ban taɓa jin wanda ya taƙaita Nasr kamar haka ba. Mu da ba ma yarda takarda mai ayar Alƙur'ani ta faɗi ƙasa, mu ne muke zuba shara a tafki ba tare da gabanmu ya faɗi ba. Wannan giɓi shi Nasr ke nuna wa Musulmi da yatsa.

Malam, ba Allah ne ya hore mana duk abin da ke ƙasa ba? Ina laifin amfani da shi?

Ya hore, kuma Nasr bai musa ba. Ayoyin horewa suna nan a Suratu Luƙman da Suratul Jasiya. Abin da yake cewa shi ne horewar tana da sharaɗi. Mutum yana da matsayi biyu da ba sa rabuwa: halifan Allah ne a bayan ƙasa, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara, aya ta 30, kuma bawan Allah ne. Halifanci ya ba shi iko a kan abin da ke ƙarƙashinsa, bauta ta sa shi sunkuyar da kai ga wanda ke bisansa. A wurin Nasr, babu halitta mai haɗari a duniya kamar halifan da ya daina ɗaukar kansa bawa.

Ku ɗauki mutumin da maigida ya ba makullin rumbu ya tafi fatauci. Yana da izinin ɗiba ya ciyar da gida. Ran da ya manta akwai maigida, ya fara jin rumbun nasa ne, ran nan iri ma sai ya sayar. Makullin bai canja ba, mai riƙonsa ne ya canja. Amsar da ke biye ta faɗaɗa wannan.

Yaya yake kallon ɗan Adam shi kansa?

Yana girmama shi ƙwarai, yana kuma jin tsoronsa. Akuya ba ta iya zama komai sai akuya, gawo ba ya saɓa wa gawontakarsa. Mutum kaɗai aka ba zaɓi, shi ya sa Suratut Tin ta ambace shi da mafi kyawun tsari sannan ta ambaci mafi ƙasƙancin masu ƙasƙanci. Nasr yana jaddada cewa a Musulunci babban ciwon mutum gafala ce, mantuwa da abin da ya riga ya sani tun ranar alkawarin "Ashe ba ni ne Ubangijinku ba?" Annabawa tunatarwa suka zo yi.

A laccocinsa na 1981 ya zana mutum iri biyu. Na farko gada ne tsakanin sama da ƙasa, yana karɓa daga sama yana shayar da abin da ke ƙasa. Na biyu ya kira shi da sunan Prometheus, wanda tatsuniyar Girkawa ta ce ya saci wuta daga wurin alloli: mutum mai tawaye, wanda ya yanke igiyar da ta haɗa shi da sama ya naɗa kansa sarkin ƙasa.

Akwai wata magana tasa da nake yawan maimaita wa ɗalibai. An halicci zuciya da ƙishirwar abin da ba shi da iyaka. In ta rasa hanyar Allah, ƙishirwar ba ta mutuwa, sai ta juya kan kayan duniya, su kuwa masu iyaka ne. Daga nan ake samun mai waya uku yana hangen ta huɗu, da ƙasashen da ke cin arzikin da duniya ba za ta iya mayarwa ba.

Kenan yana ƙin kimiyya?

Mutumin da ya yi fizik a MIT ya san darajar awo da lissafi. Rigimarsa da masu cewa abin da awo bai kama ba babu shi. Kimiyyar da ta taso daga masanan Turai Galileo da Descartes ta zaɓi ta dubi nauyi da tsawo da gudu, ta ajiye ma'ana da manufa a gefe. Wannan zaɓi ya ba ta ƙarfi mai ban mamaki. Kuskuren ya zo ne da aka manta cewa zaɓi ne, aka ce iyakar gaskiyar kenan. Francis Bacon, masanin falsafar Ingila, kuma ya ɗaura ilimi da iko, ya zama ana neman sanin halitta domin a mallake ta.

Nasr yana kafa hujja da masanan Musulmi na da, Albiruni da Ibn Sina da ƙungiyar Ikhwanus Safa, waɗanda ya yi binciken digirinsa a kansu. Albiruni ya auna girman duniya kusan shekara dubu da suka wuce, bai kuwa ga wani saɓani tsakanin awonsa da sujadarsa ba. Masu sukar Nasr a wannan fage suna da yawa. Na kawo su a amsar da ta shafi raunin maganarsa.

Na'ura ba kamar wuƙa take ba, mai riƙonta ne ke sa ta zama alheri ko sharri?

Wannan ita ce tambayar da ta fi zuwa, kuma a nan Nasr ya saɓa wa yawancin masu wa'azinmu. Yana ganin fasahar zamani ba ƴar ba-ruwana ba ce. Tana zuwa da halinta, tana sauya yadda mutum ke ganin lokaci da aiki da maƙwabci, ko da mai amfani da ita salihi ne.

Leda ta ishe mu misali. Babu wanda ya kawo ta Kasuwar Dole da mugun nufi. Kafin ta zo, mace da kwando ko ƙwarya take zuwa cefane, mai tsire da takarda yake naɗewa, abin da aka yar ƙasa ta cinye. Leda ta koya mana wata ɗabi'a da kakanninmu ba su sani ba: a yi amfani da abu sau ɗaya a jefar. Yau ita ce ke toshe magudanan ruwa da damana, ita ke maƙale a ƙaya kamar tuta, ita mahauta ke cirowa dunƙule-dunƙule daga tumbin awaki. An yi dokar hana ta a Nijar tun 2014, ga ta nan har gobe, domin ta riga ta shiga hali. Liman da ɓarawo duk leda ɗaya suke yarwa.

Abu na biyu da ke damunsa shi ne abin da inji ke yi wa sana'a. A wayewar Musulunci ta da, ba a raba sana'a da fasahar ƙawa ba; maƙeri da masaƙi da magini suna da ƙungiyoyi masu ladubba, aikin hannu hanya ce ta gyaran zuciya. Ku je wurin majema da dukawan garin nan ku ga yadda ake jiƙa fata da bagaruwa, yadda yaro ke shekaru gaban ubangidansa yana koyon haƙuri tare da koyon ɗinki. Takalmin roba ya fi arha, gaskiya ne. Amma ran da dukanci ya mutu, tarbiyyar da ke cikinsa ba ta da wani gidan da za ta koma.

To mu jefar da waya mu koma kan jaki?

A'a, kuma shi ma bai ce haka ba. Ya yarda ƙasashen Musulmi ba za su iya rufe ƙofa ga fasahar zamani ba. Abin da yake nema shi ne a daina haɗiye duk abin da ya zo ba taunawa, a san illar kowace na'ura kafin a rungume ta, a kuma raya dabarun gargajiya da ke aiki har yanzu. Yakan kawo misalin ƙasarsu: magudanan ƙarƙashin ƙasa da ke jawo ruwa daga gindin duwatsu ba tare da inji ba, da hasumiyoyin iska masu sanyaya ɗaki ba lantarki.

Ni a nawa ganin, ma'aunin yana da amfani in an yi adalci da shi. Famfo mai aiki da hasken rana a lambunan Korama alheri ne, muddin ana lura da yadda ruwan ƙasa ke sauka. Gas ɗin girki da matatar mai ta SORAZ ke fitarwa tun buɗe ta a 2011 ya ceci itatuwa masu yawa da da sun zama gawayi. Ga na'urar zamani, daga man fetur ma, tana kare daji. Irin wannan misali ba ya zama daidai cikin tsarin Nasr, kuma bai kamata mu ɓoye shi don muna son malamin ba.

Yana yabon ginin ƙasa, ga shi masallacin ƙasa ya rushe. Wannan bai karya maganarsa ba?

Nasr yana cikin masu girmama Hassan Fathy, maginin Masar da ya gina ƙauyen Sabuwar Gurna kusa da Luxor da tubalin ƙasa a shekarun 1940. Hujjarsu kowa a nan ya san ta a jikinsa: ɗakin soro a watan Afrilu da ɗakin siminti mai rufin kwano ba ɗaya ba ne. Masallacin Birni kuwa tun tsakiyar ƙarni na 19 yake tsaye, ya ga damana fiye da 170. Ruwan 2024 ya wuce misali a duk faɗin ƙasa, mutane fiye da 300 suka rasu, abin ya shafi fiye da miliyan ɗaya, gidajen siminti ma sun tafi.

Ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓe. A Djenne ta Mali duk shekara gari ke fitowa a yaɓe babban masallaci, a Agadas ma ana sabunta hasumiyar masallaci. Ginin yana buƙatar jama'ar da ke taruwa, da magina masu gadon sani, da indararo da ke zubar da ruwa nesa da gindin bango. In waɗannan suka yi rauni, sai bango ya tsage, ƙadangare ya sami wurin shiga. Nan maganar Nasr ta yi ƙarfi. Inda take da rauni shi ne, talakan da ɗakinsa ya faɗa wa ƴaƴansa ba zai saurari yabon ƙasa ba, kuma yana da gaskiya. Wanda ke son ginin ƙasa ya dawo, sai ya zo da tushe na dutse da rufi mai jure irin ruwan yanzu.

Akwai abin da ya faru a ƙasarmu da ke gaskata shi?

Akwai gawo. Tsofaffi suna ba da labarin cewa sarakunan Damagaram na da sun hana saran gawo da hukunci mai tsanani, domin sun san aikinsa: yana zubar da ganye da damana ya bar wa gero rana, ya yi ganye da rani ya ba dabba inuwa, ƴaƴansa abincin bisashe ne, ƙarƙashinsa kuma hatsi ya fi kyau. Daga baya dokar gandun daji ta mai da itace na gwamnati, malaman gona suka koyar da cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share tas. Manomi ya ga icen da ke gonarsa ba nasa ba ne, sai dai ya jawo masa tara. Farin 1973 da na 1984 suka zo suka tarar da ƙasa tsirara.

Daga tsakiyar shekarun 1980 abin ya juya. A Maradi, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa kututturan da ake sassabewa duk shekara suna da rai a ƙasa, in an bar reshe ɗaya ko biyu aka gyara, itace zai tashi. Aka kira dabarar sassabin zamani. A Magarya da Matamaye da Mirya manoma da kansu suka riƙa barin gawo yana tsira. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a faɗin Nijar, ba tare da gandun reno ko bututun ban-ruwa ba.

Nasr zai ce: kun gani, ido ne ya sauya, abin da ake gani ciyawa ya koma amana. Haka ne. Amma akwai rabi na biyu. Itacen ya dawo ne lokacin da manomi ya tabbata amfaninsa nasa ne, abin da dokar daji ta 2004 da dokar musamman ta 2020 suka ƙarfafa. Zuciya da haƙƙin mallaka tare suka yi aikin. Wanda ya karanta Nasr kaɗai zai ga na farko ya tsallake na biyu.

Matar da ke saran ice don ta dafa wa ƴaƴanta tuwo, ita ma mai tawayen ce?

Wata ɗalibata ce ta yi wannan tambaya, mahaifiyarta itace take sayarwa, kuma har yau ita ce tambayar da ta fi yi mini nauyi. Amsata a'a ce. Mutumin da Nasr ya zana mai ƙoshi ne da ya ƙi cewa ya isa. Baiwar Allah da ke tafiyar kilomita da gatari tun asuba ba ta yi wa sama tawaye ba, yunwa ce ta kore ta daji. Haka mai tura kurar ga-ruwa a garin nan da ke zaune kan dutse, wanda ruwansa daga Gogo da Arunguza ake jawo shi, ba shi ya ƙarar da ruwan duniya ba. Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da kashi 5 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya.

Nasr ya san wannan, yana ɗora babban laifi kan ƙasashe masu masana'antu. Sai dai rubutunsa ya fi zama a kan tarihin tunani, talauci da rabon ƙasa da farashin buhun gawayi ba su sami fili sosai ba. Ina tsoron ranar da mai mota zai ɗauki maganarsa ya yi wa mai gatari wa'azi da ita. Wa'azin ƙana'a mu masu albashi ya fi kama, mu da ke canja waya duk shekara biyu. Ita kuwa a sama mata murhu mai cin ice kaɗan da gas mai arha.

An ce ɗan Shi'a ne kuma sufi. Ya dace mu saurare shi?

Gaskiya ne, a gidan Shi'a ya tashi, kuma tasawwufi ne ginshiƙin tunaninsa. Ba na ɓoye wa kowa wannan, musamman a garin da ke da ƴan ɗariƙa da ƴan Izala a unguwa ɗaya. Amma ku duba abin da ya dogara da shi a maganar halitta: ayoyin da na kawo a sama, da Suratur Rum aya ta 41 kan ɓarnar da ta bayyana a tudu da teku saboda aikin hannun mutane, da ayoyin ma'auni a farkon Suratur Rahman. Hadisin da ya ce duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci, sadaka ce gare shi, yana cikin Buhari da Muslim. Ba sai ka bi mazhabar mutum ba kafin ka karɓi tunatarwa kan ayar da ke cikin mus'hafinka. A tambayi malaman da aka amince da su kan aƙida, a auna hujjarsa kan muhalli da ma'aunin hujja.

Me yake cewa game da sauran addinai?

A 1967 wani masanin tarihi Ba'amurke, Lynn White, ya ɗora laifin lalacewar muhalli kan koyarwar Kiristanci ta mallakar ƙasa. Nasr bai yarda ba. A ganinsa laifin na juya wa addini baya ne, kuma kowane babban addini yana da taskar girmama halitta da ya kamata mabiyansa su tono. Ya yi littafi guda kan haka a 1996. Yana cikin malaman Musulmi da suka sa hannu a wasiƙar 2007 zuwa ga shugabannin Kirista, ya kuma yi jawabi a taron Musulmi da Katolika a Vatican a 2008. Da Fafaroma Francis ya fitar da wasiƙarsa kan muhalli a 2015, masu karatu da yawa sun ji amon abin da Nasr ya faɗa kusan shekara 50 kafin nan.

Ya wuce nan, ya bi wasu masana biyu ƴan Turai, René Guénon da Frithjof Schuon, a kan cewa manyan addinai suna haɗuwa a ƙoli ɗaya ta fuskar baɗini. Wannan ra'ayi malaman Musulunci da yawa sun ƙi shi, ni ma ban bi shi a kai ba. Maganarsa kan halifa da bawa tana tsayawa da ƙafarta ko an cire wannan.

Ina raunin maganarsa a wurin masu sukarsa?

Ya ƙi ra'ayin Darwin na cewa jinsunan halittu sun samo asali daga juna, kuma masana ilimin halittu kusan gaba ɗaya ba sa tare da shi. Pervez Hoodbhoy, masanin fizik na Pakistan, yana ganin kiran a yi kimiyya mai alfarma zai ƙara jan ƙasashen Musulmi baya a fagen da suka riga suka makara. Ziauddin Sardar, marubuci Musulmi ɗan Birtaniya, ya zarge shi da mai da ilimi sirrin wasu ƴan tsiraru. Nidhal Guessoum, masanin taurari ɗan Aljeriya, yana ganin Musulmi zai iya riƙe imaninsa ya yi kimiyyar zamani yadda take.

Ni abin da na fi gani shi ne yana ƙawata zamanin da fiye da kima. Zamanin da ake girmama gawo shi ne kuma zamanin da ƙyanda ke share yaran unguwa, ake sayar da mutane a kasuwa. Ga ɗaliban bak: ku koyi darasin ilimin halittu yadda yake a manhaja, ku fahimce shi sosai, sannan ku karanta gardamar. Ba a sukar abin da ba a sani ba.

Kwamfutocin da aka ce suna tunani fa?

In aka ɗora ma'auninsa a kansu, amsar tana fitowa daga bambancin da yake yi tsakanin hankali iri biyu. Akwai hankali mai lissafi, mai tarawa da rarrabawa. Akwai kuma basira, abin da sufaye ke kira idon zuciya, wadda ke gane gaskiya kai tsaye. Na'ura tana iya fin mutum na farko, kamar yadda mota ta fi shi gudu. Haɗarin yana wurin mutumin da ya riga ya yarda cewa shi lissafi ne kawai; irinsa in ya ga injin da ya fi shi lissafi, ba shi da sauran dalilin ganin darajar kansa. Ku koma amsar da ta yi maganar ɗan Adam, can tushen yake.

Daga ina zan fara karanta shi?

Daga Man and Nature. Ƙarami ne, babi huɗu, an fassara shi zuwa Faransanci da Larabci. Babi na biyu, mai bin tarihin yadda aka tuɓe wa halitta alfarmarta, yana da nauyi ga wanda bai saba da sunayen masana falsafar Turai ba; a karanta shi da alƙalami a hannu, gara mutum biyu ko uku tare. Mai son ra'ayinsa kan fasaha ya nemi hirarrakinsa da wani masani, Muzaffar Iqbal, da aka buga a 2007. Laccocin Gifford a bar su sai daga baya.

A fadarmu shafi biyar muke yi a zama ɗaya, ranar Alhamis bayan la'asar. Ɗaya ya karanta da Faransanci, ni in mayar da Hausa, dattijon Mirya in yana gari ya tsayar da mu duk inda maganar ta saɓa wa abin da ya gani a gona. Wanda ke so ya zo da kofinsa.